Ma'aunin taswira: daga muhawarar girman Afirka zuwa takardar fili

A watan Agusta na 2025 Tarayyar Afirka ta goyi bayan wani gangami da ke neman makarantu da hukumomin duniya su ajiye taswirar Mercator, wadda aka zana tun 1569, su rungumi wata sabuwa mai suna Equal Earth. Ƙungiyoyin Africa No Filter da Speak Up Africa ne suka ja ragamar gangamin, hujjarsu kuwa ita ce tsohuwar taswirar tana ƙanƙantar da Afirka, tana kumbura Turai da arewacin Amurka. Kafin labarin ya gama zaga WhatsApp ya iso wuraren shan ataya na unguwannin Nima da Mamobi a Akra, babban birnin Gana, an riga an dunƙule shi a magana ɗaya: taswira ƙarya ce.

Daga nan tambayoyi suka biyo baya. Idan taswirar duniya tana rage girman nahiya sukutum, me zai hana takardar filin da mutum ya saya a Kasoa ko Amasaman ta rage masa ƙafa 10? Taswirar da ke cikin waya fa, wadda direba ke bi? Ɗalibin da ke shirin jarrabawar gama sakandare ta WASSCE, abin da ake koya masa a darasin labarin ƙasa yana nan daram ko ya rushe? Amsar dukkansu tana rataye ne da wata 'yar lamba da ake bugawa a gindin taswira, wadda ido ke tsallakewa, wato ma'auni, ko sikel kamar yadda 'yan makaranta ke cewa.

## Me ake nufi da ma'auni

Ma'aunin taswira shi ne dangantakar tsawon da ke kan takarda da tsawon da yake wakilta a ƙasa. In an rubuta 1:50,000, to kowane tsawo ɗaya a takarda yana tsaye ne a madadin irinsa 50,000 a ƙasa. Santimita 1 na nufin santimita 50,000, wato mita 500. Inci 1 na nufin inci 50,000. Babu ruwan lambar da irin awon da mutum ya saba da shi, muddin dai bai gauraya biyu ba.

Hanya uku ake nuna shi. Akwai ta lamba, irin wadda aka ambata. Akwai ta jimla, a rubuta cewa santimita 2 na wakiltar kilomita 1. Sai kuma ta sanda, wato wani ɗan layi mai gaɓoɓi da ake zanawa a ƙasan taswira, a rubuta mita ko kilomita a kan kowace gaɓa. A ranar da aka buga taswira duka ukun magana ɗaya suke yi. Daga baya ne suke rabuwa, kuma rabuwar tasu ta jawo wa masu sayen fili rigima ba kaɗan ba, kamar yadda za a gani a gaba.

Lissafin ba shi da wuya. A cire sifili biyu daga ƙarshen lambar, abin da ya rage shi ne yawan mitocin da santimita 1 ke ɗauke da su. A 1:2,500 mita 25 ne, a 1:50,000 mita 500, a 1:1,000,000 kuwa mita 10,000, kilomita 10 ke nan. Tsakanin Akra da Kumasi a miƙe kusan kilomita 200 ne, don haka a taswirar 1:1,000,000 tazarar ba ta wuce santimita 20 ba, rula ta 'yan makaranta ma ta ishe ta. Wanda ya so ganin wannan tazara a 1:50,000 sai ya jera takardu har tsawon mita 4. A mota tafiyar ta kai kimanin kilomita 250, saboda hanya tana lanƙwasa ta Nsawam da Nkawkaw da Konongo. Shi ya sa malamai ke koya wa ɗalibai su kwantar da zare a kan hanyar da aka zana, su bi kowace kwana, sannan su miƙe zaren a kan rula.

## Babba da ƙarami, da abin da ke ɓacewa

Masana suna kiran 1:2,500 babban ma'auni, 1:1,000,000 kuma ƙarami, abin da ke rikita ɗalibai da yawa tunda lamba ta biyu ce ta fi yawa. Rabo ne ake yi. Kashi ɗaya cikin 2,500 ya fi kashi ɗaya cikin miliyan girma. Babban ma'auni yana nuna ɗan wuri dalla-dalla, ƙarami yana haɗiye ƙasa guda amma a dunƙule.

Abin da ya fi sunan muhimmanci shi ne abin da mai zane ke zubarwa duk lokacin da ma'auni ya ƙanƙance. A ɗauki lungun Nima mai faɗin mita 1, irin wanda mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace. A 1:2,500 faɗinsa bai kai rabin milimita ba, amma ana iya zana shi. A 1:50,000 ya koma kashi 2 cikin 100 na milimita, babu alƙalamin da zai fitar da shi. Mai zane sai ya shafe lungunan gaba ɗaya, ya shafa wa unguwar launi guda mai nuna cewa akwai gine-gine. Abin da ya ga ya zama dole a gani kuma sai ya ƙara masa girma. Titin da aka ja da layi mai kaurin milimita 1 a 1:50,000, in da za a bi lissafi, faɗinsa mita 50 ne, a 1:1,000,000 kuwa kilomita guda. Ba ha'inci ba ne, dabarar sana'a ce, domin in ba a yi haka ba titin ba zai fito ba sam. Sai dai wanda ya auna faɗin titi ko kogi a irin wannan taswira ya auna kaurin tawada ne kawai.

Akwai kuma batun faɗin fili, inda kuskure ke ninkuwa. Ma'auni na tsawo ne, shi kuwa fili yana da tsawo da faɗi, don haka sau biyu lambar ke aiki. A 1:50,000, ɗan murabba'i mai santimita 1 kowane gefe yana wakiltar mita 500 sau mita 500, hekta 25 ke nan. In aka ninka ma'aunin taswira sau biyu, takardar da za ta ɗauki wuri ɗaya sai ta ninku sau huɗu. Wannan lissafin ne ke sa fili mai ƙafa 50 sau 50 ya zama rubu'in mai 100 sau 100, ba rabinsa ba, duk da cewa kunne na jin hamsin a matsayin rabin ɗari.

## Dalilin da taswirar duniya ba ta da ma'auni ɗaya

Duk abin da aka faɗa zuwa nan ya ginu ne a kan cewa ma'aunin da ke tsakiyar takarda shi ne a gefenta. A taswirar unguwa ko gunduma haka ne. A taswirar duniya ba zai yiwu ba, domin duniya dunƙulalliya ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya. Wanda ya kife ƙwarya ya ce sai ta kwanta kamar tabarma, to sai dai ta tsage. Masana lissafi sun daɗe da tabbatar da cewa babu wata hanyar shimfiɗa duniya a takarda da za ta kiyaye girma da siffa da nisa da alƙibla a lokaci guda. Dole a zaɓi abin da za a kiyaye, a sadaukar da saura.

Gerardus Mercator, mutumin yankin Filandas da ke cikin Beljiyam ta yau, ya zaɓi abin da matuƙan jirgin ruwa ke buƙata. A taswirarsa, in matuƙi ya ja miƙaƙƙen layi daga wata tasha zuwa wata, kusurwar layin ita ce zai kafa kamfas ɗinsa a kai har ya isa. Kafin ya samu haka sai da ya riƙa miƙe takardar yayin da ake nisa da ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu. A kan ikwaita ma'auni daidai yake. A digiri 60 arewa, wajen Oslo da Helsinki, tsawo ya ninka biyu, fili kuma ya ninka huɗu. Daga can sama abin sai ƙaruwa yake yi.

Sakamakon a bayyane yake. Girinlan tana da murabba'in kilomita miliyan 2 da 'yan kai, Afirka tana da kusan miliyan 30, wato ta ninka ta kimanin sau 14, amma a Mercator sai a gan su kamar sa'o'in juna. Misalin da ya fi kusa da gida shi ne na Gana da Birtaniya. Gana tana da kimanin murabba'in kilomita 238,500, Birtaniya kuma 243,000 da wani abu, kusan kunnen doki. A Mercator Birtaniya tana fitowa kusan ninki uku na Gana, ba don komai ba sai don Akra tana digiri 5 da rabi ne kacal arewa da ikwaita, Landan kuwa ta haura 51. A taƙaice ba Afirka aka matse ba, ita tana kusa da girmanta na gaskiya. Ƙasashen da ke nesa da ikwaita ne aka hura.

## Matsayin ɓangarorin

Masu gangamin suna cewa hoton da yaro ya girma yana kallo a bangon aji yana zama masa ma'aunin daraja, kuma nahiyar da ake nunawa ƙarama shekara da shekaru za a ci gaba da raina ta a siyasa da kasuwanci. Suna son a koma ga Equal Earth, wadda Bojan Šavrič da Tom Patterson da Bernhard Jenny suka fitar a 2018, domin tana ba kowace ƙasa girmanta daidai gwargwado.

Masu sana'ar zanen taswira da yawa ba sa musun lissafin, ba abin musu ba ne ma. Inda suke ja shi ne a kan niyya. Sun ce Mercator kayan aikin teku ya ƙera, kuma ya yi aikinsa, laifin na waɗanda suka ɗauko taswirar matuƙa suka rataya a aji ne. Suna kuma tuna wa mutane cewa muhawarar ba sabuwa ba ce. A 1973 wani Bajamushe, Arno Peters, ya tayar da irin wannan ƙura da wata taswira mai kiyaye girma, wadda daga baya aka lura James Gall ya riga shi bayyana ta tun 1855. Ita ta gyara girma amma ta ja Afirka ta yi tsawo ta tsuke. Makarantun gwamnati na birnin Boston a Amurka sun ɗauke ta a 2017. Mujallar National Geographic kuwa tun 1998 ta koma ga Winkel Tripel, wadda ba ta kiyaye girma ko siffa ɗari bisa ɗari, sai dai ta raba kuskuren kaɗan-kaɗan. Equal Earth ma tana da nata sadaukarwar, siffar ƙasashen gefe tana karkacewa, kuma ba a tuƙi da ita.

Akwai ɓangare na uku da ke ganin an makara da faɗan bangon aji, domin inda Mercator ke da ƙarfi a yau shi ne cikin waya. Manhajojin taswira na intanet sun zaɓe ta saboda tana kiyaye siffar ƙaramin wuri: mahaɗar tituna mai kusurwa huɗu tana fitowa da kusurwarta, ko a Madina ko a Mosko. Google ya sauya a 2018, ta yadda mai kwamfuta in ya ja da baya sosai zai ga duniya a dunƙule maimakon shimfiɗe.

Idan aka tace, maganar girma tana hannun masu gangamin, kuma taswirar da za a koya wa yaro girman nahiyoyi da ita ya kamata ta zama mai kiyaye girma. Maganar cewa an ƙirƙiri Mercator da gangan don a wulaƙanta Afirka ita ce ba ta da ƙafar tsayawa, tunda Girinlan da Antatika, waɗanda ba su taɓa yi wa kowa mulkin mallaka ba, su ne suka fi kowa kumbura.

## Ko wannan ya shafi takardar fili a Gana

A'a, ko kuma a ce abin da ya shafe ta bai kai a damu da shi ba. Abin mamaki ma shi ne tsarin awon ƙasar Gana ɗan gidan Mercator ne, sai dai an juya shi a kaikaice, dabarar da Johann Lambert ya fito da ita a 1772. Maimakon layin da ma'auni ya fi daidaita ya bi ikwaita, sai aka sa shi ya bi digiri 1 yamma da layin Greenwich, layin da ake fara ƙirga digirin gabas da yamma daga kansa, wanda shi kansa ya ratsa ta garin Tema. Layin digiri 1 ɗin ya tsaga Gana kusan ta tsakiya daga kudu zuwa arewa, kuma ƙasar ba ta da faɗi sosai, don haka ko a bakin iyaka kuskuren bai wuce kimanin rabin mita a kilomita guda ba. A fuloti mai ƙafa 100 a Akra bai kai santimita 1 ba.

Lambobin da ke kan takardun fili suna da tarihi. Aikin safiyo na gwamnati ya kankama ne a farkon shekarun 1900, lokacin da kamfanonin haƙar zinare suka yi ta karɓar filaye daga sarakuna, iyakoki suna hawa kan juna. Gordon Guggisberg, wanda ya zama gwamnan Gold Coast daga 1919 zuwa 1927, da aikin safiyo ya fara zuwa ƙasar a 1902. Taswirorin zamanin mulkin mallaka sun fito a 1:125,000 da 1:62,500, na biyun kusan inci 1 ga mil 1 ke nan, tunda mil yana da inci 63,360. Daga baya aka koma 1:50,000 mai tafiya da mita. Amma 1:2,500 da ake yawan gani a takardar fili gadon Ingila ne, kuma yana da wata hikima: a wannan ma'auni inci 1 na wakiltar ƙafa 208 da ɗan ɗori, shi kuwa fili mai eka 1, in murabba'i ne, kowane gefensa ƙafa 208 ne da ɗan ɗori. Wato murabba'in inci 1 a takarda kusan eka 1 ne a ƙasa. Har yau da ƙafa da eka ake cinikin fili a Akra, alhali yaran gida da mita da hekta ake koya musu a makaranta. Gauraya biyun na daga cikin hanyoyin da lissafi ke karkacewa: ƙafa 100 mita 30 da rabi ce, hekta 1 kuma ta kusa eka 2 da rabi.

## Inda ma'auni ke cutar mai sayen fili

Takardar zanen fili, wadda ake kira sait filan, tana ɗauke da sunan mai fili, da unguwa, da girman filin a eka, da kibiya mai nuna arewa, da layukan awo masu lambobi, sai fulotin kansa da aka zagaye da launi. A 1:2,500 fuloti mai ƙafa 100 sau 100 ɗan murabba'i ne mai kimanin santimita 1.2 kowane gefe. Mai ƙafa 70 kuwa milimita 8 da rabi ne. Dukiyar da mutum ya tara shekaru a kasuwa ko a ƙasar waje, a takarda ba ta fi farcen yatsa ba, don haka ƙaramin kuskure a nan babba ne a ƙasa. Milimita 1 mita 2 da rabi ce, sama da ƙafa 8. Layin fensir mai kaurin rabin milimita ya cinye ƙafa 4, faɗin da ya isa maƙwabta biyu su kai juna kotu a kan katanga.

Babbar matsala ita ce fotokwafi. A ce ɗan safiyo ya zana a babbar takarda A3, aka kai shago aka rage ta zuwa A4 don ta shiga fayil. Injin yana rage kowane tsawo zuwa kimanin kashi 71 cikin 100, amma rubutun 1:2,500 yana nan bai canza ba, alhali ma'aunin gaskiya ya koma wajen 1:3,500. Wanda ya ɗora rula ya yi lissafi da tsohuwar lambar, gefen da yake ƙafa 100 zai fito masa ƙafa 70 da 'yan kai. Abin da ya sa wannan ya fi haɗari shi ne duka biyun girman fuloti ne da aka saba da su a Akra, 100 sau 100 da 70 sau 100, don haka amsar ba za ta yi masa kama da kuskure ba. In kuma ƙara girman takardar aka yi, sai mai ƙafa 70 ya fito kamar mai 100. Dillali na iya miƙo takarda ya ce, “Alhaji, ga rula, auna da kanka,” kuma Alhaji ya auna daidai, amsar ta fito ba daidai ba, ko da dillalin bai yi nufin cuta ba. Hoton takarda da aka turo ta waya ya fi wannan muni, domin ana buɗa shi da yatsa, kuma in an ɗauke shi a karkace gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

A nan ne ma'aunin sanda ya fi sauran biyun. Shi zane ne, in takarda ta ragu yana raguwa tare da ita, in ta ƙaru yana ƙaruwa. Lamba da jimla kuwa da an taɓa girman takarda sun tashi daga aiki. In babu sanda, layukan awo da suka gitta takardar suna iya maye gurbinta, domin lambobin da ke bakinsu suna faɗin tazarar da ke tsakaninsu a ƙasa.

Ko da takardar asali ce a hannu, ƙa'idar masu sana'ar ita ce rubutaccen awo ya fi abin da rula ta nuna. Tsawon kowane gefe da kusurwarsa da lambobin turakun siminti da aka kafa a kusurwoyin fili, su ne ɗan safiyo ke komawa gare su, zanen kuwa don ido ne. Wani abin da ke jawo zargi ba gaira ba dalili shi ne tudu. Taswira tana auna fili ne kamar a kwance yake. A gangare irin na McCarthy Hill ko hanyar Aburi, in ƙasa ta hau ƙafa 20 cikin tsawon ƙafa 100, tef ɗin da aka ja a kan ƙasa zai nuna kusan 102. Babu wanda ya ƙara, babu wanda ya rage.

Ta fuskar doka, dokar 2008 da ta sake fasalin Hukumar Filaye ta haɗa tsohuwar ma'aikatar safiyo da sauran ofisoshin fili a inuwa ɗaya, sai kuma dokar filaye ta 2020 da ta tattaro dokokin da suke warwatse. Zanen da za a yi rajista da shi sai ɗan safiyo mai lasisi ya sa hannu, sashen safiyo da taswira na hukumar ya amince. Amfanin wannan ga mai saye shi ne lambobin da ke kan takardarsa suna ɗaure ne da tsarin awon ƙasa baki ɗaya, ta yadda in an je bincike za a iya ɗora fulotinsa a kan na wasu a ga ko sun hau juna. Zanen da aka yi ba tare da waɗannan lambobi ba, kome kyansa, yana iya dacewa da fili goma a wurare goma.

## Taswirar waya da adireshin GhanaPostGPS

Taswirar waya ba ta da tsayayyen ma'auni, duk motsin yatsa sabo ne. Abin dogaro shi ne 'yar sandar da ke fitowa a kusurwar allo, wadda manhajar ke sake lissafawa a kowane mataki. Kumburin Mercator a Akra bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba, don haka direban da ke neman hanya daga mahaɗar Kwame Nkrumah Circle zuwa Ashaiman ba shi da abin fargaba.

Iyakar fili kuwa wata magana ce. Tsarin GhanaPostGPS da aka ƙaddamar a watan Oktoba na 2017 ya yanka ƙasar zuwa murabba'ai masu mita 5 sau 5, kowanne da adireshinsa. Ya isa a kai wa mutum saƙo ko a nuna wa baƙo ƙofar gida. Amma wayar hannu kan kauce da mitoci da dama ko a fili, balle a tsakanin gine-gine masu rufin kwano da suka matsu da juna, kuma mita 5 ta fi ƙafa 16. Na'urorin 'yan safiyo suna kai wa santimita. Wanda ya tsaya a kan fili ya karanta lamba a waya ya ce nan ne iyakarsa, ya yi amfani da kayan aiki ne a inda ma'auninsa bai kai ba.

## Abin da zai biyo baya ga ɗalibai da unguwanni

Ga ɗalibi babu abin da ya canza a lissafi. Ko an sauya taswirar bangon aji, tambayar karatun taswira a jarrabawar WAEC tana nan: auna nisa, fitar da girman fili, rage wani yanki ko ƙara shi sannan a faɗi sabon ma'auni. Wanda aka ce ya rage taswirar 1:50,000 zuwa rabi, amsarsa 1:100,000 ce, ba 1:25,000 ba, kuma zanensa zai ci rubu'in wurin da na farko ya ci. Goyon bayan Tarayyar Afirka ba doka ba ce da ta hau kan kowace ƙasa. Sauya littattafai da taswirorin aji yana hannun ma'aikatun ilimi da masu buga littattafai, kuma abu ne mai cin kuɗi da lokaci.

Ga unguwanni irin su Nima da Sabon Zongo da Madina Zongo, ma'aunin da hukuma ta yi aiki da shi yana iya zama maganar rufin asiri. Bayan ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015 a Circle, wadda ta ci rayuka sama da 150, hukumomi sun tsananta rusa gine-ginen da aka ce suna kan hanyar ruwa, kuma makonni kaɗan bayan haka aka rushe wani ɓangare na Old Fadama a bakin kogin Odaw. Duk irin wannan aiki da layi a kan taswira yake farawa. A ce an yanke cewa kada a yi gini cikin mita 10 daga bakin magudanar ruwa. A 1:2,500 wannan tazara milimita 4 ce, ana iya ganin gidan da ya shiga da wanda ya tsira. A 1:50,000 kashi ɗaya cikin biyar na milimita ce, ta fi layin da aka zana magudanar da shi siriri. Haka abin yake wajen tsara hanyar motar kashe gobara ko shimfiɗa bututun ruwa: taswirar da ta shafe lunguna ba za ta nuna inda mota za ta maƙale ba. Saboda haka idan jami'ai suka zo taron unguwa da taswira, sarkin zango ko ɗan majalisar unguwa na da hurumin tambayar ma'aunin da aka zana ta da shekarar da aka yi awon, kafin a fara shafa jan fenti a bangon kowa.